Manhajar juya kwanan wata: ta iya kwanaki, shekaru ne ke ba ta wuya

Aikin manhajar nan guda ɗaya ne. Ka ba ta kwanan wata a wata kalanda, ta mayar maka da shi wata kalandar, ta haɗa maka da ranar makon da ya faɗa a kai. Irinta sun cika rumbun manhajojin waya, sai dai yawancinsu iyakar saninsu Hijiriyya da Miladiyya, sauran kuma talla. Wannan ta ɗara su. Tana ɗauke da kalandar Juliyan, wato tsohuwar kalandar Turai, da ta Giregori da muke bi a yau, da Hijiriyya, da ta Ƙibɗawan Masar, da ta Habasha, da ta Yahudawa, har da tsohon lissafin Rumawan Gabas mai ƙirga shekaru daga halittar duniya. Ba zan kama sunanta ba, don ba talla aka ɗauke ni in yi ba, kuma duk gwajin da zan faɗa a nan mutum na iya yi wa wadda ke cikin wayarsa ya ga ko za ta tsallake.

Tarihi nake koyarwa, kuma duk mai wannan sana'a ya san kwanan wata ne ke fara tona asirin malami a gaban aji. Wannan littafi ya ce ranar 25 ga Oktoba 1917 aka yi juyin juya halin Rasha, wancan ya ce 7 ga Nuwamba, sai ɗalibi ya ɗaga hannu yana son a gaya masa wanne ne maƙaryaci. Babu maƙaryaci a cikinsu, rana ɗaya ce kalanda biyu suka ba ta suna daban. Amma faɗin haka da baki daban, nuna wa yaro a fuskar waya daban. Dalilin da ya sa na sauke ta ke nan.

Fuskarta ba ta da hayaniya. Gurbi uku ne a sama, na rana da na wata da na shekara, a ƙarƙashinsu ka zaɓi kalandar da kake rubutu da ita. Kana gama buga lambar ƙarshe amsoshi suke jeruwa, kowace kalanda da layinta, ba sai ka taɓa wani maɓalli ba. Can ƙasa akwai wata doguwar lamba wadda mai sauri zai tsallake, alhali ita ce ginshiƙin aikin. Lambar kwana ce ta masana taurari, wadda ke ƙirga kwanaki a jere ba ruwanta da wata ko shekara, tun daga 1 ga Janairu 4713 kafin Miladiyya. Tushenta wani zagaye ne na shekara 7980 da Bafaranshen nan Joseph Scaliger ya tsara a 1583. Tsakar ranar 1 ga Janairu 2000, alal misali, lambarta 2451545. Kowane kwanan wata sai an fara mayar da shi wannan lamba, sannan a fitar da shi ta ƙofar kalandar da ake so. Shi ya sa da wuya ka kama ta da kuskure a ranar mako.

Abin da na fara ba ta shi ne ranar da Turkawa suka ci Kustantiniyya, wato Santambul ta yau: 29 ga Mayu 1453 a kalandar Juliyan. Nan take ta ce Talata ce. Ta ce 20 ga Jimada Ula 857 a Hijiriyya. Ta ce da kalandar Giregori ta wanzu a lokacin, da 7 ga Yuni za a kira ta. A layin Rumawan Gabas kuma ta rubuta shekara ta 6961. Wannan layi na ƙarshe shi ya sa na ji manhajar ta cancanci zama a wayata. Mutanen da ke cikin ganuwar garin a safiyar nan ba su ɗauki kansu a 1453 ba, a 6961 suke, kuma Kiristoci ne su ma. Waɗanda ke wajen ganuwa suna 857. Lambar da muke haddacewa a aji ta wasu mutane ce da ke nesa, a Yammacin Turai. Ɗalibi idan ya ga layukan nan a jere, rabin darasin ya shiga.

To a nan ne kuma na fara samun saɓani da ita. Kowace kalanda tana da ɗan shafin bayani idan ka danna sunanta. Na Miladiyya layi biyu ne kacal: wai lissafin ya fara ne daga shekarar da aka haifi Annabi Isa, alaihis salam, kuma shi duniya ke amfani da shi a yau. Shi ke nan. Manhajar da ta iya fito da 6961 bai kamata ta tsaya a nan ba, domin wanda ya karanta zai zaci tun ranar haihuwar aka fara ƙirge, shekara na bin shekara har zuwa yau. Alhali sai da aka yi shekara ɗari biyar da 'yan kai kafin wani ya zauna ya ƙirƙiro lissafin, kuma shi kansa ba kalandar duniya ya nufi yi ba.

Sunansa Diyonisiyus, ɗan zuhudu ne da ya fito daga yankin da ke gaɓar Bahar Aswad tsakanin Romaniya da Bulgeriya na yanzu. A birnin Roma ya zauna, aikinsa fassara dokokin coci daga Girkanci zuwa Latin. A shekarar da muke kira 525, zamanin Fafaroma Yohanna na Ɗaya, aka buƙaci sabon jadawalin bikin Ista, babban idin Kiristoci. Ista ba shi da tsayayyar rana. Ana yin sa ne ranar Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta, saboda haka dole a haɗa lissafin rana da na wata da na mako. Malaman Iskandariya sun ƙware a wannan, suna aiki da zagayen shekara 19, domin wata 235 kusan daidai suke da shekara 19 ta rana. Jadawalin da ake da shi a hannu ya kusa ƙarewa, sai Diyonisiyus ya ɗora wani na shekara 95, wato zagaye biyar, daga inda tsohon ya tsaya.

Matsalar ita ce lambobin da ke gefen tsohon jadawalin. Ana ƙirga su ne daga hawan Sarki Diyokletiyan gadon mulkin Rumawa a 284, mutumin da a zamaninsa, daga 303, aka yi wa Kiristoci azaba mafi tsanani da daular ta taɓa yi musu. Diyonisiyus ya ƙi ya ci gaba da raya sunan wanda ya gallaza wa mutanensa a cikin jadawalin idinsu mafi girma. Tsohon ya ƙare a shekara ta 247 ta Diyokletiyan, shi kuwa maimakon ya rubuta 248 a layi na gaba sai ya rubuta 532, yana ƙirgawa daga zuwan Almasihu. Daga wannan layi ɗaya na gefen jadawali duk lambobin da ke kan takardun haihuwarmu suka samo asali. Ƙibɗawan Masar kuwa ba su bar tsohon lissafin ba har gobe, sai dai sun mayar da shi na tunawa da shahidai. Manhajar tana da shi, kuma idan ka buga ranar Ista ta 532 za ka ga 248 a layin Ƙibɗawa. Na so a ce ta jawo hankalin mai amfani da ita zuwa ga wannan, don tarihin gaba ɗaya yana kwance a layuka biyun nan.

Kuma kada a zaci duniya ta karɓa da gudu. Rumawa a lokacin suna kiran shekara ne da sunan manyan hakimai da ake naɗawa duk shekara, masu muƙamin konsul, ko da shekarar sarautar sarki, ko da wani zagayen haraji na shekara 15. Shekara goma sha biyu bayan aikin Diyonisiyus, a 537, Sarki Jastiniyan ya kafa doka cewa takardun hukuma su riƙa ɗaukar shekarar mulkinsa. Ko kallon sabon lissafin bai yi ba. Wanda ya fito da shi daga ɗakin masu lissafin idi ya kai shi cikin rubutun tarihi wani ɗan zuhudu ne a arewacin Ingila mai suna Beda, a tarihin cocin ƙasarsa da ya kammala a 731. Dalilinsa ma na aiki ne: Ingila a lokacin ƙananan masarautu ce barkatai, kowace da shekarun sarkinta, mai rubuta tarihinsu duka yana buƙatar ma'auni ɗaya. Daga can malamai irin su Alkuwin suka kai shi fadar Sharliman, babban sarkin Yammacin Turai na lokacin, ya bazu a Yammacin Turai sannu a hankali. Fotugal ba ta bar tsohon lissafin yankinta, mai farawa daga 38 kafin Miladiyya, ba sai a 1422. Rasha kuwa sai a 1700, lokacin da Sarki Bitrus Babba ya yi umarni a bar shekara ta 7208 ta halittar duniya. Lissafin Fotugal ɗin nan babu shi a manhajar, kuma giɓi ne ga mai karanta tsofaffin takardun Andalus da maƙwabtanta.

Sai babbar maganar da shafin bayanin ya haɗiye: lissafin bai faɗa daidai kan shekarar haihuwar ba. Diyonisiyus bai bar bayanin yadda ya kai ga lambarsa ba, ya dai faɗe ta ne kamar abin da kowa ya sani. Linjilar Matiyu ta sa haihuwar a zamanin Sarki Hirudus, shi kuwa Hirudus yawancin masana tarihi sun tsaya kan cewa ya mutu a shekara ta 4 kafin Miladiyya, bisa bayanan marubucin tarihin Yahudawa Yusufus, wanda ya ambaci husufin wata gab da mutuwar. Linjilar Luka ta haɗa haihuwar da ƙidayar da aka yi lokacin da Kiriniyus ke gwamnan Siriya, ƙidayar da aka sani tasa kuwa a shekara ta 6 Miladiyya aka yi ta. Tsakanin biyun akwai kusan shekara goma. Luka ya kuma ce Annabi Isa yana da kimanin shekara talatin lokacin da ya fara wa'azi, bayan ya ambaci shekara ta 15 ta mulkin Kaisar Tibariyas, wadda ta kama wajen 28 ko 29. Galibin masana sun fi karkata ga tsakanin shekara ta 6 da ta 4 kafin Miladiyya. Wannan ba suka ce daga waje ba. Fafaroma Benedik na 16 da kansa ya rubuta a 2012 cewa Diyonisiyus ya kuskure da 'yan shekaru. Jimla ɗaya ta isa a saka wannan a shafin, an ƙi.

Kalanda kamar riga ce, a mahaɗar ɗinki ake gane gwanintar tela. Mahaɗa ta farko ita ce inda shekarun kafin Miladiyya suka gamu da na bayanta, don babu shekara ta sifili a tsakani. Daga 31 ga Disamba na shekara ta 1 kafin Miladiyya sai 1 ga Janairu na shekara ta 1. Lambobin Rumawa ba su da alamar sifili, kuma ko da suna da ita, mutanen lokacin suna cewa ne shekara ta farko, ta biyu, yadda ake ƙirga shekarun sarauta, ba wanda ke cewa sarki yana shekararsa ta sifili. Ƙirgen baya ma, na kafin Miladiyya, bai zama ruwan dare ba sai wajen ƙarni na 17. Illar wannan tana fitowa ne idan za ka auna tazara. Kaisar Augustas an haife shi ranar 23 ga Satumba 63 kafin Miladiyya, ya mutu ranar 19 ga Agusta 14 Miladiyya. Mai gaggawa zai haɗa 63 da 14 ya ce 77. Manhajar tana da sashen auna tazara, na ba ta ranakun biyu, ta ce shekara 75, saura kwana 35 ya cika 76. Daidai ke nan. Ta ƙara da ɗan gargaɗi cikin jan rubutu cewa kafin shekara ta 45 kafin Miladiyya Rumawa ba kalandar Juliyan suke bi ba, don haka a yi hattara da adadin kwanaki. Wannan gargaɗi ya burge ni, domin ko bayan Yuliyus Kaisar ya kawo kalandar Juliyan ɗin ma sai da masu kula da kalandar suka yi ta ƙara kwana duk shekara uku maimakon huɗu, har Augustas ya zo ya dakatar da ƙarin na wani lokaci don a daidaita.

A wajen saiti akwai zaɓi tsakanin ƙirgen masana tarihi da na masana taurari. Na biyun, wanda Jacques Cassini ya yaɗa a 1740, yana da shekara ta sifili, ita ce shekara ta 1 kafin Miladiyya, kuma ƙa'idar rubuta kwanan wata ta ISO 8601 da kwamfutoci ke bi ita ma haka ta ɗauka. A wannan ƙirge kisan Yuliyus Kaisar na shekara ta 44 kafin Miladiyya zai fito da lamba 43 da alamar ragi a gabanta. Zaɓin yana da amfani ƙwarai, amma yadda aka ajiye shi hatsari ne. Idan ka kunna shi babu abin da ke sauyawa a babbar fuskar, ba launi, ba rubutu, sai 'yar siririyar alamar ragi da ido ke iya tsallakewa. Wanda ya ari wayarka ya duba shekara zai tafi da kuskuren shekara guda bai sani ba. Rashin sifilin nan dai shi ne ya haddasa gardamar ko ƙarni na 21 a 2000 ya fara ko a 2001. A lissafi 2001 ne, amma duniya ta yi bikinta a 2000 ba ta jira kowa ba.

Mahaɗa ta biyu ita ce 1582, kuma a nan manhajar ta fi nuna bajinta. Shekarar Juliyan kwana 365 ne da rubu'i, ta fi ainihin shekarar rana tsawo da kimanin minti 11. Ƙaramin abu ne, amma duk shekara 128 yana tara kwana guda. Zuwa ƙarni na 16 ranar da dare da rana ke daidaita ta zame daga 21 ga Maris zuwa wajen 11, lissafin Ista ya fara kaucewa. Fafaroma Giregori na 13 ya yi umarni a zubar da kwana goma: aka kwana Alhamis 4 ga Oktoba 1582, aka tashi Juma'a 15 ga Oktoba. Aka kuma sa doka cewa shekarun cikar ɗari ba za su sami ƙarin kwana ba sai waɗanda 400 ke raba su, shi ya sa 1900 ba ta da 29 ga Fabrairu, 2000 tana da shi, 2100 ba za ta samu ba. Na buga mata 10 ga Oktoba 1582, sai ta tambaye ni a wace ƙasa. Na ce Italiya, ta ce babu wannan rana a can. Na ce Ingila, ta ce Laraba ce, daidai da 20 ga Oktoba a sabon lissafi. Ta san Faransa ta yi tsallenta daga 9 zuwa 20 ga Disamba na shekarar, ta san Birtaniya ta jira har 1752 inda 14 ga Satumba ya biyo bayan 2 ga wata, ta san Rasha daga 31 ga Janairu 1918 ta faɗa 14 ga Fabrairu, ta san Girka sai 1923. Jerin ƙasashen nan shi ne abu mafi daraja a cikinta.

A jerin nan Suwidin ce kawai ta kayar da ita, kuma ban riƙe ta da laifi sosai ba. Suwidawa sun so su gyara a hankali ta hanyar tsallake ƙarin kwana na shekara arba'in, suka tsallake na 1700, suka kasa ci gaba, sannan suka yanke shawarar komawa tsohon lissafi ta hanyar ƙara kwana biyu a Fabrairun 1712. Saboda haka an taɓa yin 30 ga Fabrairu a duniya. Manhajar ta ce babu irin wannan rana.

Wani abin da ya kamata ta rarrabe amma ta cakuɗa: lambar shekara daban, kalanda daban. Diyonisiyus lambar shekara ya kawo, watanni da kwanaki na Yuliyus Kaisar ne, gyaran kuma na Giregori. Giregori bai taɓa lambar shekara ba ko kaɗan, 1582 ya tarar 1582 ya bari. A manhajar layin Giregori ne kaɗai aka yi wa laƙabin Miladiyya, kamar dai shekarun Juliyan na wani lissafi ne dabam.

Inda ta faɗi warwas shi ne mahaɗa ta uku, wato ranar da shekara ke farawa. Ta ɗauka ko'ina kuma ko yaushe 1 ga Janairu ne, wannan kuwa ba haka yake ba. Diyonisiyus bai fayyace ko daga ɗaukar ciki yake ƙirgawa ko daga haihuwa ba, sai kowace ƙasa ta bi ra'ayinta. Wasu suka fara shekara ranar 25 ga Disamba, shi ya sa naɗin Sharliman na ranar Kirsimetin 800 ya fito a ƙarƙashin 801 a tarihin fadarsa. Wasu suka ɗauki 25 ga Maris, ranar da suke tunawa da ɗaukar cikin. Fulorans da Pisa, garuruwa biyu maƙwabta a Italiya, duk 25 ga Maris suke farawa, amma Pisa tana gaban Fulorans da shekara guda cur, haka suka zauna har 1750. Fenis 1 ga Maris take bi har faɗuwar jamhuriyarta a 1797. Faransa ta daɗe tana fara shekara da Ista, idin da ba ya tsayawa wuri ɗaya, har takan yiwu a sami kwanan wata ɗaya sau biyu a cikin shekara guda. Ingila ta riƙe 25 ga Maris har 1751, shekarar da ta zo da kwana 282 kawai saboda an datse ta a ƙarshen Disamba.

Gwajin da na yi mata a nan sananne ne. George Washington, shugaban Amurka na farko, an haife shi a Bajiniya tana ƙarƙashin Birtaniya, ranar 11 ga Fabrairu 1731 a lissafin wurin a lokacin. A lissafin yau 22 ga Fabrairu 1732 ne. Na zaɓi Birtaniya, na buga ranar, ta ba ni 22 ga Fabrairu 1731. Kwana goma sha ɗayan ta ƙara su daidai, shekarar kuwa ta bar ta yadda take, ta tsufar da mutumin da shekara guda. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu jan rubutun gargaɗi a nan, alhali ta nuna ta iya yin sa a wani wurin. Kuskuren da ya zo da gaba gaɗi ya fi wanda ya zo da shakka cutarwa ga ɗalibi, don ba zai koma ya duba ba.

Ɓangaren Hijiriyya ba shi da matsala, sai abin da kowa ya sani: lissafin jadawali ne, yana iya saɓa wa ganin wata da kwana ɗaya ko biyu, kuma ta faɗi haka a fili. Tana ba ka zaɓin mafari tsakanin 15 da 16 ga Yuli 622, ta kuma bayyana cewa 1 ga Muharram ɗin nan ba ita ce ranar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya isa Madina ba, a Rabi'ul Awwal ya isa. Na gwada ta da 2008, ta nuna sabuwar shekarar Hijiriyya ta shigo sau biyu a cikinta, 1429 a Janairu, 1430 a ƙarshen Disamba, abin da ke faruwa saboda shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11. Shafin bayaninta ya fi na Miladiyya cika nesa ba kusa ba, har ya ambaci cewa a zamanin Halifa Umar aka kafa lissafin, wajen shekara ta 17. Da an yi wa Miladiyya irin wannan adalci, mai karatu da kansa zai ga bambancin: dukansu biyu bayan aukuwar abin aka kafa su, amma ɗaya an kafa shi waɗanda suka yi hijirar suna raye, ɗayan kuma bayan ƙarni biyar, daga littattafai da lissafi.

Layin Habasha ma darasi ne mai zaman kansa. Su ma daga zuwan Almasihu suke ƙirgawa, amma sun bi lissafin malaman Iskandariya, wanda ya sauka shekara bakwai zuwa takwas bayan na Diyonisiyus. Buga 12 ga Satumba 2007 ka gani, ranar farko ce ta shekarar 2000 a can. Abu ɗaya ake ƙirgawa daga gare shi, amsa biyu aka samu.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Tana aiki ba tare da intanet ba, ba ta cin wuri a waya, ba ta nemi izinin shiga hotuna ko lambobin mutane ba. Tallan da ke ƙasa yakan rufe layin lambar kwana idan wayar ƙarama ce. Ba a iya kwafe amsoshin duka a lokaci guda, sai layi-layi, abin da ke gajiyar da mai shirya darasi. Sunayen watannin Ƙibɗawa da na Habasha an rubuta su da ƙananan baƙaƙe ƙwarai.

Ɗalibi da malami da mai son sanin ranar makon da wani abu ya faru, duk za ta yi musu, kuma ina ba ɗalibaina shawarar su sauke ta, da sharaɗin su bar ƙirgen masana taurari a kashe. Mai aiki da tsofaffin takardun Turai kuwa sai ya riƙa taimaka mata da hannu. Idan takardar ta Ingila ce ko yankunan da ta mallaka, an rubuta ta kafin 1752, kuma kwanan watan ya faɗa tsakanin 1 ga Janairu da 24 ga Maris, ƙara shekara ɗaya kafin ka shigar. Amma ka fara tabbatarwa asalin takardar kake karantawa, ba littafin zamani da ya riga ya gyara ba. Sarki Charles na Ɗaya na Ingila, alal misali, takardun zamaninsa sun ce an fille masa kai ranar 30 ga Janairu 1648, littattafan yau kuma sun ce 1649, wannan ta biyun ba ta buƙatar ƙari.